Resor, sifirin, ko me? Neman sunan ƙarfen da ke ɗaga ƙofar gareji

Salamu alaikum 'yan'uwa. Kalma nake nema, kuma ƙofar garejin gidanmu a nan Garwa ta ƙasar Kamaru ce ta jawo neman.

Ranar Talata bayan sallar asuba muka ji wata ƙara kamar an harba bindiga a cikin gida. Muka duba ko'ina, ba komai. Sai da na zo fitar da mota, na kama ƙofa in ɗaga, ta ƙi. Ƙofar da yaro ke ɗagawa da hannu ɗaya, mu biyu muka kasa raba ta da ƙasa. Na haska tocila sama, sai ga naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke jikin sandar bisa ƙofa ya rabu biyu, da giɓi kamar faɗin yatsu uku a tsakani.

Da na kira dattijon da ke mana gyara, "resor" na ce masa, ya gane. Da na ba abokina na Yola labari, sai ya ce ai "sifirin" ake cewa. Mu mun aro daga Faransanci, su daga Turanci. Ba na ƙin aro. Damuwata ita ce babu ɗaya cikinsu da ke gaya wa Bahaushe cewa abin nan yana iya karya masa hannu. Kafin dattijon ya iso, ƙanena har ya hau kujera da turnabis, wato sukudireba, zai kwance kusoshin ɗayan resor ɗin, wanda bai karye ba. Yana shigowa ya daka masa tsawa: "Kai yaro, sauko! A ɗane yake!"

Wannan kalma ta tsaya mini a rai. Ana ɗana tarko, ana ɗana baka, ana ɗana bindiga. Duk wanda ya ji an ce abu a ɗane yake, zai janye hannunsa tun kafin a yi masa bayani. Kuma ainihin aikin ƙarfen ke nan. Murɗa shi ake yi ya riƙe ƙarfi daidai nauyin ƙofar, ya saki idan ana ɗagawa. Lokacin da ƙofa take rufe, tana zaune shiru, a lokacin ne ya fi ɗanuwa. Shi ya sa ya fi karyewa ƙofa na rufe, kamar namu.

Sai na kawo shawarar "maɗani", a bisa tsarin mabuɗi da matsefi. Wani malamin makaranta daga Marwa ya gyara mini: maɗani abin da ake ɗanawa da shi ne, ba abin da aka ɗana ba. Gaskiyarsa. Amma kalmar ba ta yi asara ba, don ta dace da sandunan ƙarfe biyu da na ga dattijon yana zurawa a ramukan kan resor, yana juyawa kwata-kwata, ba ya zare ɗaya sai ɗayar ta zauna daram. Su ne maɗanai.

Wani ya ce "tsarkiyar ƙofa". Tana da daɗi a baki, sai dai tsarkiya igiya ce, ƙarfin a jikin bakan yake. A bar ta ga igiyoyin ƙarfe na gefen ƙofa. "Danƙo" kuwa ban karɓa ba, wasan yara yake tunawa mutum.

Wata 'yar'uwa daga Kusiri ta tuna mana cewa ƙofofin shaguna masu naɗewa, waɗanda muke kira rido, nasu daban ne: ƙarfe ne mai faɗi a naɗe cikin gwangwani kamar maciji ya yi gammo. To ga inda na tsaya. Mu bar resor da sifirin, don da su za ka sayi kaya a kasuwa, mu ƙara musu abin da ke bambancewa: na murɗi shi ne na bisa ƙofa, na ja shi ne mai miƙewa a gefe, na gammo shi ne na rido.

Da waɗannan kalmomi ana iya faɗin matsala ko ta waya. Ka ɗaga ƙofa zuwa rabi ka saki a hankali. In ta tsaya, ɗanin daidai ne. In ta sulalo ƙasa, ya saki. In ta tashi da kanta, ya yi yawa. In akwai giɓi, ya karye, kuma walda ba ta maganinsa, sai sabo. In ƙofar mai inji ce, kada a matsa wa injin ya ja ta a haka. Resor na murɗi na gama-gari ana ƙera shi ne don buɗewa da rufewa kamar sau 10,000, wato kusan shekara 7 ga gidan da ke buɗewa sau huɗu a rana, ga kuma ƙurar hunturu da tsatsar damina suna rage masa kwana in ba a sa masa mai. Na tambayi dattijon, "Baba, ɗaya kawai za a canza?" Ya ce biyun duka, ai tare suka tsufa.

Abu ɗaya ya rage mini. Kishiyar ɗanawa, "kwance" za mu ce ko "sauke"? Ina tsoron "kwance", don ita ce ta hau da ƙanena kujera. 'Yan'uwa na Ngaundere da Injamina, me masu gyara ke cewa a wajenku?