Musayar baitoci: mata masu riƙe hannun mata a ɗakin awo

Uwar Tagwaye: Salamu alaikum ma'abota. Na buɗe da ƙwar biyu kan matan nan masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, waɗanda suka haihu lafiya, yanzu suke zama a ɗakin awo suna tarairayar sababbin masu ciki. Mai iyawa ya ɗora.

Malamar awo ta faɗi sakamako,
Ta kira ta gaba, layi bai ƙarewa.

Sai wata ta matso ta kama hannu:
"Ƙanwata, share hawaye, bar ruɗewa.

Ƙwayar da aka ba ki, ni ma ita ce
Kullum da dare nake haɗiyewa.

Ga ɗana can yana firamare,
An gwada shi babu, sai godewa."

Ɗan Kurmi:
Yaya, waƙarki ta yi zaƙi,
Sai dai akwai abin dubawa.

Alawus ke kai su asibiti,
Ran da ya tsaya, sai watsewa.

Uwar Tagwaye:
Ƙanena, tuna Janairun 2025,
Amurka ta ɗaure jakar bayarwa.

Tamu ba ta bar bin mai fashin magani ba,
Da kuɗin cefanenta take sayen kati tana kirawa.

Malam Mai Aruli: Hajiya, ɗangon ƙarshe ya yi teɓa, ya kusa ninka 'yan uwansa. Kuma shekara da lamba a cikin baiti, da wane baki za a rera ta?

'Yar Damagaram: Malam, ana zancen rai kana ƙirga gaɓa. Matsa, da wancan nake.

Ɗan Kurmi mai ƙirga kuɗin mata,
Kai fa, yaushe rabonka da gwaji?

An ba matarka takarda a awo,
An ce ta dawo tare da miji.

Ka ce kasuwa ce ta riƙe ka,
Tsinin allura ya kora ka daji.

In sakamako ya fito, ita ke da laifi,
Ka kore ta, ka ce wa dangi ta yi yaji.

Gwanin Zazzau: Allah ya ja zamaninki! Kanawa, a zo a kwashi mutum, ya sha ƙasa.

Ɗan Kurmi: Bazazzagi, wa ya kasa da kai? Tafi kawai ka iya.

Kano tun 2024 doka muka yi,
Ba ɗaurin aure sai da gwaji.

Ni na miƙa yatsa, ga takarda,
Ki nemi wani ki kira shi maciji.

'Yar Damagaram: Takardar ranar ɗaurin aure kake ta lallaɓawa? Amarya har ta yaye biyu.

Malam Mai Aruli: Kuma aron amsa-amo ya yi, "gwaji" nata ne. Aibu ne.

Gwanin Zazzau: Na Damagaram ma ɗangonta na bakwai ya zarce, amma Malam bai gani ba. Ni dai ban ce komai ba.

Malam Mai Aruli: Na gani. Ta jingina ne, ba ta karye ba.

Ungozomar Tudun Wada: Ku gafarce ni, aikin dare ya hana ni leƙowa, na tarar kun bar mai jego kun koma kan kari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in babu magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan ɗauka daga uwa, da magani kuwa ya sauko ƙasa da 5. Mu a asibiti bayani muke yi mu ba da kwalba. Abin da ke faruwa a ɗakin jego, matan nan masu tarairaya su ke ganinsa.

Ta zo barka cikin hijabinta,
Ba kati a wuya, tun kafin suna.

Ta ɗaga akwati ta ciro sirop,
Ta duba ragowarsa, ta ƙirga kwana.

Kaka ta jiƙa dabino za ta ɗura,
Ta ce, "Inna, Allah ya ja da rai, ga magana:

Nono zalla ne har wata shida,
Ko ruwa a'a, komai zafin rana."

Sati shida a ɗiga jinin dunduniya,
Wata 18 a sake, a ga inda aka kwana.

Duk wannan kuma Inna ba ta san dalili ba, don asirin mai jego ba ya fita daga bakinta. Sirop ɗin nevirapine nake nufi, maganin da ake ba jariri don kare shi daga ɗaukar cutar.

Ɗan Kurmi: Anti, wannan na sara. Amma a biya su dai, cefane ba ya ɗaukar kati har abada.

Uwar Tagwaye: Yau ka faɗi ta hankali. Ɗazu alawus ne abin gori.

Malam Mai Aruli: "Kwana" sau biyu a waƙa ɗaya, Hajiya Ungozoma. Ga lamba kuma ta dawo.

Ungozomar Tudun Wada: To Malam, kawo naka baiti ɗaya tak, ka sa nevirapine a ciki ba tare da ya yi ɗingishi ba.

Malam Mai Aruli: Bayan Isha'i in sha Allah.

Gwanin Zazzau: Malam, Isha'in wace rana?