Daga Kano zuwa Jidda: shawarwarin waɗanda suka saba hanya

Matafiyan da suka saba hanya, da suka tattauna batun tafiya daga Kano zuwa Jidda, sun yi ittifaƙi cewa tazarar da ke tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda ta kai kusan kilomita 3,400, kuma jirgin da bai yada zango ba kan ci ta cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Sai dai sun tunatar cewa rufe sararin samaniyar Sudan a 2023, sakamakon yaƙi, ya tilasta wa jiragen alhazai yin zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

Inda suka fi tsayawa shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma lokacin saukar da ke jikin tikiti na can ne, don haka matafiyi kan zaci tafiyar ta fi yadda take tsawo.

Shawarar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce ta harami: mai niyyar wucewa Makka ya sa shi a jakar hannu, ko ya ɗaura tun daga Kano, domin jirgi yana ratsa miƙati, wato iyakar da ake ɗaura harami, kafin ya sauka.