Leyof da Hausa: na tsaya a kan "miƙa"

1/
Salamu alaikum jama'a. Makon jiya na tambaya a nan, me za mu kira leyof na ƙwallon kwando da Hausa? Amsoshi sun zo da yawa, wasu a ƙarƙashin rubutun, wasu ta waya, wasu kuma a bakin fili bayan la'asar. Na yi alkawarin zan tattara su in faɗi inda na tsaya. To ga shi, sai dai zaren zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

2/
Ga waɗanda ba su ga na farko ba: ina koya wa yara ƙwallon kwando a wani filin siminti a Tudun Wada, Kaduna, 'yan shekara 9 zuwa 14. Yawancinsu da Hausa suke tunani. Idan na ce "yi leyof", yaro suna kawai ya ji, kalmar ba ta gaya wa hannunsa komai ba. Sai ya zo da gudu ya maka ƙwallo a allon da ke bayan kwando kamar mai jifan mangwaro, ta dawo har tsakiyar fili.

'Yan ƙwallon ƙafa sun daɗe da wuce wannan matsalar. Suna da bugun kusurwa, suna da satar gida, suna da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Tsohon da bai taɓa shiga filin wasa na Ahmadu Bello ba, in ya ji ɗaya daga cikinsu a rediyo ya san abin da ya faru. Mu kuwa sunan wasan kaɗai muke da shi. Shi ma sa'a muka yi ya dace, domin a 1891 da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a garin Springfield na Amurka, kwandunan 'ya'yan itace na gaske ya kafa a sama.

3/
Kafin a raɗa suna, a ga jaririn tukuna. Leyof shi ne cin da ake yi daf da kwando. Kana tafe da gudu, ka kama ƙwallo da hannu biyu, kana da taku biyu. In da hannun dama za ka ci, takun farko dama, na biyu hagu, a kan hagun za ka tashi, gwiwar dama ta ɗaga tare da hannun dama kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Ƙarfen kwando yana mita 3.05 daga ƙasa. Kai aikinka ka rage wannan tazara da tsawon jikinka, sannan ka saki ƙwallo a hankali ta taɓa kusurwar sama ta ɗan akwatin da aka zana a jikin allo, ta faɗa. Gudun duk a ƙafa yake, hannu kuwa a sanyaye.

Don haka sharaɗina biyu ne. Kalmar ta ɗauki wannan taushin, kuma ta zama gajeriyar da zan iya ƙwala wa yaro yana cikin gudu.

4/
"Jifan kusa" ya fi kowanne samun magoya baya. Na gane dalili, a fili yake. Amma jifa shi ne ainihin cutar da nake son in raba yara da ita. Bahaushe in ya ji jifa, kafaɗarsa ce ke amsawa, ta ja baya ta saki da ƙarfi. Ba zan sa wa magani sunan cuta ba.

"Jifan ƙasan kwando" ma haka, ga tsawo. Kafin ka gama faɗa an tare yaron.

5/
Wani ɗan'uwa daga Kawo ya kawo "ɗori", daga ɗorawa. Na so shi ƙwarai, domin ɗorawa tana da natsuwa, ba a ɗora tulu a kai da garaje. Na kai shi fili ranar Talata. Ina cewa "yau ɗori za mu yi", wani ƙaramin yaro ya dube ni ya ce, "Koci, waye ya karye?" Gaskiyarsa. Ɗori ya riga ya zama na mai gyaran karaya, kuma ba kalmar da uwa za ta so ta ji ɗanta ya dawo da ita daga filin wasa ba ce. Wani daga Sakkwato ya ce to a ce "azawa". Tana da kyau a bakinsu, amma yaran Kaduna ba haka suke magana ba.

6/
"Ajiya" ita ce ta ba ni wahala, na kwana biyu ina juya ta. Wata malama da ke koyar da 'yan mata wasan a Barnawa ce ta kawo, ta ce ita tuni take ce wa ɗalibanta "ajiye ta a allo, kamar kina ajiye ƙwai". Malama, wannan kwatance naki na karɓa da hannu biyu, kuma zan ci gaba da amfani da shi. Inda na rabu da kalmar shi ne, ajiyewa ƙasa take nufa. Mutum sunkuyawa yake ya ajiye kaya. Da na gwada, taushin ya samu, amma yara suka daina tashi. Suna sakin ƙwallo tun daga ƙirji, hannu a lanƙwashe, wanda duk ya fi su tsawo kaɗan sai ya mare ta. Rabin aikin ta ɗauka, ta bar rabi.

7/
Wadda ta ɗauki duka biyun ba a intanet na same ta ba. Akwai gini da ake yi kusa da filinmu. Ina zaune ina jiran yara su taru, sai na ji magini daga saman katako yana cewa lebura, "Miƙo!" Na ɗaga kai. Leburan ya ɗaga kwanon siminti, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, jikinsa ya miƙe tun daga dunduniya har yatsun hannu, ya sa kwanon a hannun magini ba tare da ko ɗigo ya zube ba. Bai jefa ba, don in ya jefa ya yi ɓarna. Bai ajiye ba, don wurin yana sama da kansa.

Wannan shi ne leyof, ba ragi ba ƙari.

8/
Ku dubi abin da Hausa ta tara a wannan kalma. Miƙa ita ce wadda mutum yake yi in ya tashi daga barci, ya ja jikinsa iya tsawonsa. Miƙa kuma ita ce ba wa wani abu hannu da hannu, cikin ladabi, yadda yaro ke miƙa wa babba ruwa. Tsawon jiki da taushin hannu, ga su a gaɓa biyu. Ba mu ƙirƙiri komai ba, ba mu aro ba, tana nan tun kakanni.

Na gwada ta kwana uku. Yaron da na fi fama da shi, ɗan shekara 11 mai ƙarfin hannu, na ce masa, "Kada ka jefa. Ɗauka akwai mutum zaune a kan allon nan, miƙa masa." Ya zo, dama, hagu, ya tashi, ya miƙa. Ta shiga. Ya juyo yana dubana kamar na ɓoye masa wani sirri tun tuni. Ban canja masa taku ba, ban taɓa hannunsa ba, kalmar kawai na canja.

9/
Wani malamin Hausa daga Zariya ya yi gyara mai ma'ana da na faɗa masa. Ya ce masu sharhin ƙwallon ƙafa suna cewa "ya miƙa wa wane ƙwallo", to ba za a rikita ta da fasin ba? Allah ya ƙara sani, Malam, tambayar tana kan hanya. Amsata ita ce, a filin kwando babu yaron da ke cewa "miƙo min", "ba ni" suke cewa ko "fasin". Wurin a buɗe yake. A rubutu ko a rediyo, inda ake gudun ruɗani, sai a cika ta a ce "miƙar kwando". A fili kuwa "miƙa" ta isa.

Kuma tana haihuwa, wanda shi ne alamar kalma mai rai. Miƙar dama. Miƙar hagu. Miƙar baya, wato ka wuce ta ƙarƙashin kwando ka ci ta ɗaya gefen, ƙarfen ya zama garkuwarka daga mai tarewa. Miƙar ƙafa biyu, wadda ake dira da ƙafafu biyu a tashi da ƙarfi in ana turereniya. Ya ci da miƙa, ya zubar da miƙa, duk suna zama a baki.

10/
Tunda an taɓo, ga sauran da suka biyo baya a tattaunawar.

Diril. Wasu sun ce atisaye, amma atisaye shi ne zaman gaba ɗaya, daga ɗumama jiki har tashi. Diril guda ɗaya ne a ciki, abu ɗaya da ake maimaitawa har jiki ya haddace. Na ɗauki "bita". Kowane ɗan makaranta ya san bita, ya san ba sabon karatu ba ne, komawa ne kan wanda aka riga aka biya.

Bitar da na fi ba wa muhimmanci ita ce wadda duniya ta sani da sunan George Mikan, dogon ɗan wasan nan da kocinsa Ray Meyer ya horar da ita a jami'ar DePaul ta Chicago a shekarun 1940, kafin ya je ya yi suna a ƙungiyar Minneapolis Lakers. Kana tsaye ƙarƙashin kwando, ka miƙa da dama ta gefen dama, ka cafe ƙwallo tana fitowa daga raga, ka taka ka miƙa da hagu ta gefen hagu, haka haka ba tsayawa. Ƙa'idarta, ƙwallo ba ta taɓa ƙasa, ba ta kuma sauka ƙasa da kafaɗa. Yarana sun riga sun raɗa mata suna da kansu, "dama-hagu", ni kuwa ban ga dalilin ƙwace musu ba. Sunan Mikan muna faɗa musu don su san asali. Ina ba su daƙiƙa 30, kowa ya ƙirga nasa, gobe ya nemi ya wuce na yau. Wanda hagunsa ya mutu, a nan ake gane shi, a nan kuma ake tayar da shi.

11/
Finishin: "ƙarasawa". Wannan babu gardama. Ka yanke mutum, ka kutsa, saura ka ƙarasa. Miƙa ɗaya ce daga hanyoyin ƙarasawa.

Dank kuwa, wato ka yi tsalle ka cusa ƙwallo cikin kwando da hannu daga sama, Hausa ta riga ta tanada: "danƙara". Ya danƙara ta. Ko sautin ya yi kama, ma'anar kuma ta fi ta asalin ƙarfi.

Takun nan da ake dangantawa da Turai, wanda Manu Ginobili ɗan Ajantina ya yayata a gasar NBA ta Amurka, ka taka gefe guda mai tsaro ya bi ka, ka taka na biyu ɗaya gefen: na ce "takun zilliya". Wani ya ce "takun yaudara". Na fi son zilliya, don yaudara tana da nauyin da ba na son ɗora wa wasan yara.

12/
Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne shutin, wato cin nesa. "Harbi" ya fi yawo a bakin matasa, kuma yana da saiti a cikinsa, wanda ake buƙata. Amma harbi a miƙe yake tafiya, ƙwallon kwando kuwa sai ta yi baka. Faɗin ƙarfen santimita 45 ne, ƙwallon manya kusan 24, saura kaɗan biyu su shiga tare. Wannan yalwar sai ƙwallon da ta sauko daga sama take samunta. Wadda ta zo a kwance, bakin kwandon ƙanƙancewa yake a gabanta. Shi ya sa nake karkata ga "cilli", daga cillawa, don cillawa sama take nufa kuma da 'yan yatsu da wuyan hannu ake yinta.

A bitarmu ta hannu ɗaya, yaro yana tsayawa taku biyu daga kwando, ƙwallo a kan yatsu ba a tafin hannu ba, gwiwar hannu a ƙarƙashinta, ya cilla ya karya wuyan hannu, ya bar hannun a sama har ta faɗa. Sai ya ci biyar a jere ba ta taɓa ƙarfe ba kafin ya ja baya taku ɗaya. A haka a haka har layin jifan tukuici, mai mita 4.6 daga allo. Layin maki uku, mita 6.75 a dokar FIBA, hukumar wasan ta duniya, ba na barin ƙanana su kusance shi, domin nan ne cilli ke komawa jifa, hannu ya lalace tun da wuri. In na ce "cilla" suna ɗaga ta, in na ce "harba" suna nufar allo kai tsaye. Abin da idona ya gani ke nan, amma ina son jin na sauran masu koyarwa, musamman na wajen Murtala Square da na Zariya.

13/
Na ambaci Zariya da gangan. A can Masai Ujiri ya tashi, a can ya fara wasa a hannun Koci Oliver Johnson, ya je ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors da suka ɗauki kofin NBA a 2019. D'Tigers, ƙungiyar maza ta Najeriya, sun ci kofin Afirka a 2015. Wasan nan ba baƙo ba ne a jiharmu, kuma akwai dattawan da suka shekara da shekaru suna koyar da shi a garuruwan da Hausa ce harshen titi. Na tabbata wasunsu suna da kalmomin da suke faɗa wa yara waɗanda ba a taɓa rubutawa ba. Wanda yake kusa da irinsu, don Allah ya tambayo mana.

14/
Abin da na rubuta a allon filinmu da alli yau: miƙa, bita, dama-hagu, ƙarasawa, danƙara, takun zilliya. Cilli na sa masa alamar tambaya. Ribawun ko tayi ɗaya ban samu ba tukuna, wato ƙwallon da ta daki ƙarfe ta dawo aka yi tsalle aka cafe. Ranar Asabar da ƙarfe 7 na safe muna fili, kafin rana ta yi zafi. Malama ta Barnawa ta ce za ta zo da ɗalibanta mu gwada miƙa da ajiya gefe da gefe, kowace ƙungiya da kalmarta, mu ƙirga wadda ta fi shiga.