Lissafin aktibeshon enaji ya ba ni 725, ina kuskuren yake?

Ɗan Argungu:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu kemistiri ku taimaka min, ran Litinin za mu miƙa rifot. Firaktikal munka yi na sodiyom tayosalfet da asid HCl, wanda ake zana kuros a takarda a aza kwalba bisa, a riƙa kallo har ruwan ya gurɓace kuros ɗin ya ɓace. A digiri 30 ya ɗauki sakan 64, a digiri 50 sakan 20. Na sa a fomular Arrhenius mai zafi biyu, ln(k2/k1) = Ea/R × (1/T1 − 1/T2), Ea shi ne aktibeshon enaji ɗin, k ma'aunin saurin haɗuwar sinadaran, T zafi, R kuma na sa 8.314, sai ya ba ni 725 J/mol, abokan guruf ɗina kuma nasu dubbai ne. Sau huɗu ina danna kalkuleta abu guda take ba ni, wallahi kaina ya ɗaure.

Malamar kimiyya, Gusau:
Wa alaikumus salam. Kalkuletarka lafiyarta lau ɗana, digirin Selsiyos ka zuba kai tsaye. Fomular nan Kelbin kawai ta sani, sai ka ƙara 273, 30 ya koma 303, 50 ya koma 323. To 1/303 − 1/323 zai ba ka wajen 0.000204, ln na 64/20 (sakan ɗinka biyu, su ne madadin k2/k1) kuma 1.163, ka ninka da 8.314 ka raba da 0.000204 ɗin, za ka ga kusan 47,000 J/mol wato 47 kJ/mol, kuma wannan lamba ce da hankali zai ɗauka. Ka kula ln za ka danna ba log ba, in log ka danna dole ka ninka da 2.303.

Amma ina so ka gane abin, ba haddar fomula kawai ba. Ea kamar tudu ne da sai ƙwayoyin sinadaran sun haura shi kafin su rikiɗa, zafi ba ya rage tsawon tudun, yawan masu ƙarfin haurawa yake ƙarawa. Shi ya sa kunun da zai kwana lafiya da hunturu, da bazara kafin la'asar ya fara tsami. Arrhenius ɗan Suwidin ya fito da lissafin nan tun 1889.

Ɗan Argungu:
Allahu akbar, Kelbin! Na gode Malama, Allah shi saka da alheri, yanzu na sake ya ba ni 47.3. To in tsaya nan ke nan?

Injiniya daga Yauri:
A'a ƙanena kar ka tsaya. Awo biyu ba ya isa, ko wane ɗigo biyu ka samu layi miƙaƙƙe zai ratsa su ko da ɗaya ƙarya ne, ta ina za ka gane? In kuna da na 35, 40 da 45 ka haɗa duka, ka zana giraf na ln(1/t) a tsaye, 1/T a kwance (ƙaramin t shi ne sakan ɗin da kuros ya ɗauka kafin ya ɓace), silof ɗin shi ne −Ea/R, zai fito da alamar ragi, kar ta tsorata ka, haka ya kamata. Kuma 1/t ɗin nan ba k ba ne na ainihi, wakiltarsa yake, sai in yawan ruwan da kaurin sinadaran iri ɗaya ne a kowane zagaye kuma mutum ɗaya ke kallon kuros ɗin, don idon wani ba na wani ba ne. Ni abin da ya taɓa ɓata min nawa, na ɗuma tayosalfet kawai na zuba asid mai sanyi a kai, tamomita na nuna 50 kafin in zuba, ina zubawa ta sauka, ni ko na rubuta 50 ɗin. Ka ɗuma su biyun cikin ruwan zafi guda, ka auna zafin farko da na ƙarshe ka ɗauki tsakiya.

Malamar kimiyya, Gusau:
Gaskiyar Injiniya. In za ku maimaita ku buɗe tagogi, iskar SO2 na fita tana shaƙe mutum, musamman mai asma. Tambayata ɗaya, da zafin watan Afirilun nan yaya kuka samu digiri 30 a lab?

Ɗan Argungu:
Ƙanƙara munka sayo bakin get munka sa cikin roba Malama, ruwan famfon ma ya hi 30. Na 40 da 45 suna littafin abokina, bari in je in amso in zana giraf ɗin yau da dare.