Wa Ya Fara Raba Imel Ɗaya Ga Jama'a Da Yawa?

Nura: Assalamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana. Kafin Eric Thomas ya rubuta LISTSERV, manhajar da ke kula da jerin masu karɓar imel da kanta, a Paris a 1986, babu wani tsari na ƙwarai da ke kai imel ɗaya ga taron jama'a. Abin da ake yi kafin nan 'yan dabaru ne kawai na masu kula da na'ura.

Injiniya Sadiya: Wa alaikumus salam. Nura, ka yi gaggawa. Tun 1975 aka kafa MsgGroup, jerin tattaunawa ta imel, a ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci ta Amurka da ta riga intanet, shekara huɗu kacal bayan Ray Tomlinson ya aika imel daga wata kwamfuta zuwa wata. Mutum zai rubuta wa adireshi ɗaya, saƙon ya isa ga duk membobi. Shekara 11 ke nan kafin LISTSERV ɗinka.

Nura: Anti, in haka ne, me ya sami Gary Thuerk na kamfanin DEC a watan Mayun 1978? Tallan kwamfuta ya so aika wa mutum kusan 400. Da hannu aka yi ta buga adireshi, gurbin ya cika, ragowar suka malala cikin jikin wasiƙar. Wannan ne tsari?

Malam Habu: Wannan ba hujjarka ba ce, Nura. Thuerk ba da wani jeri da aka tanada ya yi amfani ba, mutanen da ba su nemi saƙonsa ba ya tattaro. Shi ya sa ma aka yi masa ca.

Kawu Isa: Ku bari in sa baki, don na yi aiki da sendmail, manhajar da ke kai imel a na'urorin Unix, da hannuna. Eric Allman ya rubuta delivermail, wadda ta riga sendmail, a jami'ar Berkeley a 1979, sendmail kuma ya fito cikin BSD, tsarin Unix na Berkeley, a 1983. Akwai fayil guda mai suna aliases. Sai ka rubuta suna, a ce malamai, ka sa ɗigo biyu, ka jera adireshin mutanenka da waƙafi a tsakani, sannan ka ba da umarnin newaliases. Daga nan duk wanda ya rubuta wa malamai, kowa a jerin zai samu. In jerin ya yi tsawo, sai ka zuba shi a wani fayil daban, ka nuna wa sendmail wurin da :include:, ka damƙa wa wani amintacce ya riƙa gyarawa. Ɗana, mun yi shekaru muna aiki da wannan, ba dabara ba ce.

Injiniya Sadiya: Ga kuma abin da aka fi mantawa da shi. A watan Agustan 1982 Jon Postel ya fitar da ƙa'idar SMTP, wato tsarin da na'urori ke bi wajen miƙa wa juna imel, wadda ta raba ambulan da takardar da ke ciki. Na'ura mai aikawa za ta ce RCPT TO sau ɗaya ga kowane mai karɓa, sannan ta miƙa jikin saƙon sau ɗaya tak. Har ƙa'idar ta wajabta wa kowace na'ura ta iya riƙe masu karɓa 100. Saboda wannan rabuwar ne ake iya kai wa mutum saƙo ba tare da sunansa ya fito a saman wasiƙar ba.

Nura: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma tambaya ɗaya. In ina son shiga jerin malamai da tsakar dare, wa zai sa ni?

Kawu Isa: Mutum ne zai sa ka. Ka rubuta wa adireshin da ke ƙarewa da -request, ka jira ya waye gari.

Nura: To ka ga inda nake nufi ke nan. In ya yi tafiya ko ya kwanta rashin lafiya, jeri ya tsaya cik. Mai son fita ma sai ya roƙa.

Kawu Isa: Wannan gaskiya ne, kuma ba shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya ba. Babbar wahala ita ce saƙon da ya dawo. Adireshi ɗaya ya mutu, sai sanarwar kuskure ta koma wa wanda ya rubuto, bawan Allah da bai san komai game da jerin ba. In an yi rashin sa'a wani ya sa jerin nan cikin jerin wata na'ura, ita kuma ta sa nata cikin namu, sai saƙo ya yi ta kai da kawowa har faifai ya cika. Dole ka ƙara layin owner- don kurakurai su tafi wurin mai jerin. Sannan sendmail ya yarda mai karɓa ya zama manhaja, ba mutum kaɗai ba. Ta wannan kafar, haɗe da umarnin DEBUG da aka bari a buɗe, tsutsar Morris, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta, ta shiga na'urori a Nuwamban 1988. Duk da haka saƙo yana isa ga jama'a, kuma a kan haka ka kawo ƙara.

Malam Habu: Ni a nan zan ɗan karkata wajen Nura. A BITNET, hanyar sadarwar jami'o'i da LISTSERV ya yi aiki a kanta, layukan a lokacin bit 9600 kacal suke ɗauka a daƙiƙa. In jeri yana Amurka, membobi ɗari suna Turai, kwafi ɗari ke ƙetare teku a layi ɗaya. Thomas ya sa kwafi ɗaya ya ƙetare, na'urar da ke can ta rarraba. Wannan aiki ne babba. Sai dai ka sani, Nura, sunan LISTSERV ma ya riga shi. BITNIC, cibiyar da ke kula da BITNET, na da tasu tun 1984, da hannu ake sa mutane a ciki, ita ya zo ya sake wa gini.

Injiniya Sadiya: Ko Majordomo, manhajar kula da jeri ta Unix da Brent Chapman ya fitar a 1992, a kan fayil ɗin aliases yake tsaye. Ba zai kai saƙo ko ɗaya ba sai an rubuta masa layukan da Kawu ya ambata.

Nura: Na ji, Anti. Amma me ya sa aka rubuta Majordomo tun farko? Don masu Unix ma su sami abin da 'yan BITNET suka samu shekara shida kafin nan: mutum ya aika SUBSCRIBE, na'ura ta sa shi da kanta, ya aika SIGNOFF, ta cire shi, ba tare da ya jira kowa ba.