Nawa zan ce masa? Neman shawara kan kuɗin zane

Sabon Hannu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina neman shawarar manya. Wata huɗu ke nan da na gama bautar ƙasa, aiki shiru, sai na riƙe zanen da na koya tun ina makaranta. Yau wani mai shagon turare ya ce in yi masa tambari, da takardar talla, da zanen kwalin da zai riƙa saka kwalabe. Ya ce in faɗi kuɗina. Wallahi na rasa ta cewa, na ce masa zan kira bayan magariba. Nawa ya kamata in ce?

Mai Corel: Wa alaikumus salam. Aiki uku ne wannan, kada ka bari ya dunƙule maka su a baki ɗaya.

Uwar Biyu: Bare ne ko na gida?

Sabon Hannu: Abokin yayana ne, Anti.

Uwar Biyu: To fa. Nan ake yin ta.

Bakano Mai Zane: Ƙanena, kafin a ba ka lamba bari in ba ka labarina, don ni ba ƙaramin farashi ne ya kayar da ni ba, kunya ce. Watan Janairun 2023, ana tsakiyar kamfe, wani ɗan unguwarmu da ke yi wa wani ɗan takarar majalisar jiha hidima ya zo har gida. Mahaifinsa da nawa sahu ɗaya suke sallah shekara da shekaru. Fastoci yake so, da kalanda, da zanen hula da riga, da hotunan da za a riƙa ɗorawa a Facebook kullum. Muka daidaita a kan dubu 180, da fatar baki, a soro, ba mai shaida sai ƙanena da ya kawo mana shayi. Da na ce a ba ni kafin alƙalami sai ya dafa kafaɗata ya ce haba, kamar ba ɗan gida ba? Nan bakina ya mutu.

Ku tuna lokacin ne aka yi wahalar takardun kuɗi. Sai ka sayi naira da naira a wurin mai POS kafin ka sayi fetur ɗin janareta, masu bumburutu kuwa ba sa karɓar tiransifa. Haka na yi mako shida ina kwana a gaban kwamfuta. Gyara kuwa ba a magana. A ƙara girman hoton mai gida. A canza hular, wannan ta sa shi ya tsufa. A cire hoton wane, sun ɓata jiya. A mayar da shi, sun shirya. Fasta ɗaya na gyara ta sau goma sha ɗaya, na ƙirga. Da za a kai wa mai gida samfuri, ni na biya mai ɗab'i dubu 22 daga aljihuna, wai za a haɗa mini. Babban kuskuren shi ne ranar da ya ce in turo ainihin fayil ɗin don a kai Kaduna a buga da yawa. Na tura duka. Daga ranar ba abin da ya rage a hannuna da zai sa a neme ni.

Aka ɗage zaɓen jihohi zuwa 18 ga Maris, aka yi, mutuminsu ya faɗi. Waya ta daina shiga. In na gan shi a masallaci sai ya ce ai kai ma ka ga yadda Allah ya yi. Sai a watan Agusta, da mahaifina ya sa baki, aka ba ni dubu 60. Kafin nan an cire tallafin mai tun 29 ga Mayu, litar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da 200 ta haura 600, an kuma saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a watan Yuni. Kwamfutar da na sa wa ido a Beirut Road, layin masu sayar da kwamfuta a Kano, ta tashi daga inda hannuna zai kai. Sauran kuɗin har yau ina bi, kuma zumuncin da na ji kunyar ɓatawa ya ɓaci, gaisuwa ma da ƙyar.

Yanzu ko kawuna ne, kashi 60 a hannu kafin in buɗe kwamfuta. Gyara sau biyu ne a cikin kuɗin, na uku da kuɗinsa. Samfuri da sunana a shimfiɗe a tsakiyarsa nake turawa, fayil sai ciko ya shigo. Kuma duk abin da muka faɗa da baki sai na rubuta shi a WhatsApp ya amsa da "na amince". Ka yi wa mai turarenka haka tun yau, da ladabi, ka ce masa tsarin aikinka ne da kowa.

'Yar Zazzau: Allah ya saka maka Yaya. Aikin 'yan siyasa kuɗi a hannu, ba bashi, ba gobe.

Mai Kyamara: Mu masu ɗaukar biki ma haka. Ranar da aka kai amarya, ranar kuɗinka ya zama sadaka in ba ka karɓa ba.

Malam Na Bayan Layi: Masu jin nauyin rubutawa su duba aya ta 282 a Suratul Baƙara. Ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba. Abin da Allah ya yi umarni da shi ba ya zama rashin kunya. Su kuma masu sa aiki, hadisi ya ce a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Uwar Biyu: Malam, wannan sai a tura wa masu sa aikin, mu nan duk masu gumin ne.

Mai Corel: Ni matsalata ba masu cin bashi ba ce, yaran nan ne da ke ɗauko zane a manhajar Canva, mai shiryayyun zane, su canza suna su karɓi dubu biyu. Sun kashe kasuwa. Ka ce wa mutum dubu 30 ya ce ai yaron gidansu a waya yake yi.

'Yar Zazzau: Yaya Mai Corel da girmanka. Ni da Canva nake aiki kuma ba na karɓar dubu biyu. Shago shida nake riƙe wa shafukansu, kowanne da kuɗin wata. Ba manhaja ke ɓata kasuwa ba, rashin sanin darajar kai ne.

Mai Corel: Ki kai fayil ɗinki wurin mai ɗab'i ya buga miki allon talla mai ƙafa ashirin mu gani. In tambarin bai farfashe ba ki dawo. Kuma launin da kike gani a waya ba shi injin ke fitarwa ba, shi tsarin launin ɗab'i na CMYK ya sani.

'Yar Zazzau: Ai ban ce ina yin allo ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mai Corel: Zagezagi dai ba a kayar da ku a magana.

'Yar Zazzau: Kanawa kuma ba a kayar da ku a kukan ciniki.

Baban Zaure: Jama'a a dawo kan tambayar yaro.

Malamin Lissafi: Ɗana, ɗauki biro. Rubuta abin da sana'ar ke ci a wata: data, fetur ko cajin wuta, kuɗin mota zuwa wurin mai ɗab'i, da wani abu da za ka riƙa ajiyewa don ranar da kwamfuta za ta mutu, domin za ta mutu. Ka ɗora abin da kake buƙata ka ci ka sa sutura ka taimaka a gida. Sai ka raba da kwanakin da za ka yi aikin kuɗi da gaske, ba talatin ba. Sabon shiga da wuya ya cika rabin wata, sauran kwanakin neman aiki ne da jiran amsa. Abin da ya fito shi ne kuɗin yininka. Aikin mai turare zai ci kwana nawa? Ka ninka. Ƙasa da wannan kai ke ciyar da shagonsa. Kuma ka riƙa sabunta lissafin: a Afrilun 2024 aka kai wutar Band A, rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data. Wanda yake kan farashin 2022 har yanzu asara yake yi bai sani ba.

Mai Kyamara: A ƙara da wannan: in aikin kwana uku ne ka ce biyar. Ku tuna Oktoban 2024 da Arewa ta yi sama da mako a duhu bayan lalacewar layin Shiroro zuwa Kaduna. Alkawari uku na saɓa a makon nan.

Ɗan Maraɗi: Mu nan in mutanen Kano suka ba ni aiki da sefa nake yanka kuɗi, jika kaza, su lissafa da naira ranar biya. Sefa a ɗaure take da yuro, ba ta yi mini tafiyar dare.

Sabon Hannu: Na gode ƙwarai. To Fiverr fa, shafin nan da ake samun aiki ta intanet? Wani abokina ya ce in bar 'yan unguwa in koma can, dala ake biya.

Anti Mai Fassara: Ƙanena, ana samu, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Shekara biyar ina fassarar Turanci zuwa Hausa da juya sauti zuwa rubutu. Fiverr na cire kashi 20 na duk abin da aka biya ka, kuma kuɗin sai ya yi kwana 14 kafin ka iya taɓa shi. In ka ce dala 50, arba'in ce taka, kafin kuɗin cirewa ta Payoneer, kamfanin da ke turo maka kuɗin. A Upwork kuma, wani shafin irinsa, sai ka kashe wasu maki da suke kira Connects kafin ka nemi aiki, in sun ƙare saya za ka yi, ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. A zanen tambari kana gogayya da dubban mutane daga Pakistan da Indiya da Bangladesh. Abin da ya fisshe ni shi ne Hausar, don nan ba su da hannu. Kai ma ka nemi abin da kai kaɗai ka iya: zanen da rubutun Hausa ya zauna daidai da ƙ da ɗ da ɓ, ko ajami, ko adon dagi da zayyanar gine-ginenmu. Amma ka fara tara aiki biyar ko shida masu kyau a nan gida tukuna, su za ka nuna. Mai turaren nan shi ne na farko, shi ya sa nake so ka yi shi da kyau kuma a biya ka.

Abu biyu kada ka yi. Kada ka sayi asusun wani, ranar da aka nemi ka nuna fuskarka da katin shaida an rufe shi da kuɗinka a ciki. Kuma duk wanda ya ce ku koma Telegram, ko ka biya kuɗin rajista kafin a saki albashinka, ɓarawo ne. Ma'aikaci ba ya biyan mai aiki.

Uwar Biyu: Anti ke da kalma kike lissafi ko da shafi?

Anti Mai Fassara: Da kalmar rubutun asali, don kowa ya san jimilla tun kafin a fara. Sauti kuma da minti. Gwaji kyauta ba na wuce kalma 200.

Mai Kyamara: A kula da alat na bogi ma. Kada ka yarda da saƙon tes ko hoton rasit, ka buɗe manhajar banki ka ga kuɗin da idonka.

Baban Zaure: In aiki ya fara kankama ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta intanet ake yi, ka buɗe asusu da sunan. Makarantu da ƙungiyoyi ba sa son tura kuɗi asusun mutum. Kuma ka riƙa rubuta shige da fice a littafi. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta ce daga Janairun 2026 dubu 800 na farko a shekara ba haraji a kansu, to ka san inda ka tsaya.

Mai Corel: Baba wa ya kai mu haraji, muna neman na cefane.

Sabon Hannu: Manya an kusa kiran magariba, har yanzu ban ji lamba ba.

Mai Corel: Dubu 70, kada ka sauka ƙasa da 55. Kwali aiki ne, sai ka auna kwalbar ka fitar da layin naɗi.

'Yar Zazzau: Saba'in ga sabon hannu a unguwa? Zai gudu. Ka ce 40.

Bakano Mai Zane: Ka raba masa gida uku kowanne da kuɗinsa, sannan ka ce in ya ɗauka duka ka rage masa kaza saboda Yaya. Ka rubuta ragin ya gani da idonsa, in ba haka ba gobe zai ɗauka farashinka ke nan, ya kuma faɗa wa maƙwabtan shagonsa.

Sabon Hannu: Na kira shi. Na ce 45 duka, 25 a hannu. Ya taya 15, wai zai kawo mini masu shago da yawa a layinsu.

Uwar Biyu: Ka ce albarka.

Anti Mai Fassara: In 15 gare shi, ka yi masa tambari kaɗai a 15. A rage aiki, ba a rage kuɗi ba.

Mai Corel: Tambari a 15? Anti ke ma kin shiga layin masu ɓata kasuwa.

Sabon Hannu: Yayana ya kira ni yanzu, wai me ya sa nake tsawwala wa abokinsa.

Bakano Mai Zane: Ka je ka sami yayan naka bayan isha'i da takardar lissafin Malam a hannunka. Kada ku yi ta a waya.

Mai Kyamara: Afuwan jama'a, wa ya san mai gyaran batirin kwamfuta na amana a Farm Centre? Tawa minti ashirin take yi ta ɗauke, kuma ina da biki ranar Asabar.