Faifan kuloci sabo ya fara santsi: jabu ne ko me?

Ɗan Tsere: Jama'a, raina a ɓace yake. Sabbin faya-fayan kuloci na ɗaura wa babur ɗina na shiga daji, ko fita huɗu ban yi ba suka fara santsi. Jiya a tudun yashi na murɗa wuta, inji sai ihu yake, tayar baya ko a jikinta. Jabu aka sayar mini, ba wani abu ba.

Mai Sifana: Jabu kamar yaya? Don ba kamfanin babur ɗin ne ya yi su ba? Kamfanoni irin su Hinson da EBC kayan kuloci suke yi, ba sa ƙera babur, kuma 'yan tsere na amfani da su.

Dogo: Ni dai duk abin da bai zo a kwalin kamfani ba, jabu ne.

Mai Sifana: To tayarka ma jabu ce ke nan, tunda wani kamfanin ne ya yi ta.

Dogo: Taya daban, kuloci daban. Kai da ma kullum kana bayan kayan waje, ko kamasho kake ci?

Baban Gareji: Ku dakata, yara. Ɗan Tsere, wane baƙin mai ka zuba? Kulocin nan cikin mai yake wanka. Baƙin man mota sau da yawa yana da sinadarin rage gogayya, shi ke sa faifai sulɓi. Duba jikin galan, ka ga ko an rubuta JASO MA ko MA2, alamar man da ya dace da kulocin babur. Ka jiƙa faya-fayan a mai kafin ka ɗaura? Faya-fayan ƙarfen da ke tsakaninsu fa, sun yi shuɗi? In sun yi, zafi ya ci su, ka kwantar da su kan gilashi ka ga ko sun lanƙwashe. Sufirin da ke matse faya-fayan ma yana gajiya ya gajarce.

Ɗan Tsere: Baba, ragowar man mota na zuba. Sufirin kuma tsoffin na mayar.

Dogo: Kun gani? Da na kamfani ne da ya jure.

Mai Sifana: Kai da yatsanka ba ya sauka daga hannun kuloci, har ka tsuke wayar ba ka bar mata wasan milimita 2 ko 3 ba? Naka na kwalin sau nawa ya ƙone?

Dogo: Ka dawo mini da sifanata lamba 10 tukuna, sannan ka koya mini tuƙi.

Mai Sifana: Wadda bakinta ya cinye? Ita ce jabun gaskiya.

Shugaban Zaure: To, a taƙaice dai an yarda na kamfani ya fi, kamar yadda Dogo ya faɗa, ni ma shi nake sakawa. Maganar mai kuwa ra'ayin Baba ne. An rufe.

Baban Gareji: Wa ya yarda? Ɗan Tsere, juye man nan yau.